Bayan ritaya na kamu da son zane-zane, ina neman shawararku

Tsohon Akawu, Aboabo:

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, mu tsofaffi ba mu iya taƙaita magana ba.

Shekaruna 63. Tun ina saurayi aikina ɗaya ne, akawun koko: a ɗora buhu a sikeli, in rubuta nauyi, in lissafa abin da ya shiga sito da abin da tirela ta ɗauka zuwa Tema ko Takoradi. Buhu kilo 64, buhu 16 tan guda, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Da na cika 60 aka ce in je in huta, hukumar fansho ta SSNIT ta fara turo ɗan fansho, na dawo na zauna a gida. Da farko na ji daɗi. Amma zama ma yana da nasa ciwon. Daga masallaci sai majalisa, a yi gardamar ƙwallon Kotoko da Hearts, a taɓa siyasa, a kira azahar. Ana nan sai likita ya ce jinina ya hau, dole in riƙa taka ƙasa da safe.

Tafiyar ƙafar nan ce ta jawo mini abin da nake ciki yanzu. Nakan bi ta Alabar in gangara kasuwar Kejetia, in haura wajen Bantama, in juyo. Wata safiya hadari ya taso, sai na shiga Cibiyar Al'adu, wato Kalcharal Santa, don in fake. A Kumasi aka haife ni, wurin kuma yana nan tun shekarun 1950, amma mu 'yan zango mun bar wa Tonawa, wato mutanen Asante, da Turawa masu rataye da kyamara. A wata rumfa na tarar da wani mutum yana zana rufin kwanon kasuwa kamar daga saman bene yake hango shi. Ba da burushi yake aiki ba, wata 'yar wuƙa ce mai lanƙwasa yake ɗibar fenti da ita yana shafawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne inuwa. Ni a sanina inuwa baƙa ce. Shi kuwa sai ya haɗa shuɗi da ɗan ja ya sa a ƙarƙashin rumfunan, kuma da na ɗan ja da baya sai ga inuwar tsakar rana sak. Na tambaye shi da Tonanci me ya hana shi sa baƙi. Ya ce ranar da rana ta buɗe in tsaya in dubi inuwar da ta faɗa a kan farin bango, in dawo in gaya masa launinta. Na duba. Gaskiyarsa.

Tun daga nan idona ya lalace, in ji Hajiyata. Muna tafiya sai in ja in tsaya ina kallon tsatsar kwano, ko yadda mai tumatir ta jera kayanta kusa da ɗanyen barkono. Zanen nan na kasuwa kuwa na koma na saye shi sidi 450. Da na shigo da shi gida Hajiya ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Alhaji, kasuwar da kake ratsawa kyauta kullum ita ka sayo da kuɗi?" Ban ce uffan ba, na buga ƙusa na rataye.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne buhu. Ɗan ƙanena ya nuna mini a waya aikin Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda yake tara tsofaffin buhunan koko, a ɗinke su wuri ɗaya, ya lulluɓe gini da su. Ya yi a Benis ta ƙasar Italiya a 2015, ya kuma rufe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Ankara, babban birnin Ghana, a 2016. Da farko dariya na yi. Sai na ce yaron ya buɗa mini hoton sosai. Wallahi buhunanmu ne. Daga Indiya da Bangladesh ake kawo su, a buga musu tambarin Ghana, in koko ya gama da su sai su faɗa hannun masu masara, daga ƙarshe masu gawayi, kowa ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki. Ina gane faci, ina gane inda ƙugiyar ɗan dako ta huda. Rayuwata duka ina ƙirga buhunan nan, ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Daren nan na daɗe ban yi barci ba.

To ga abin da ya kawo ni. Hannuna yana ƙaiƙayi, ina so in koya, amma ta ina mai furfura zai fara ba tare da ya zama abin dariyar yara ba? Sannan ina so in taimaka wa masu wannan sana'a, musamman matasa, sai dai ƙarfina na ɗan fansho ne. Me ƙaramin kuɗi zai yi wanda zai yi amfani da gaske? Akwai kuma maganar da ta fi damuna. Abokan majalisa sun fara cewa da tsufana na koma tara hotuna, mala'iku ba za su shigo gidana ba. Ba na son in yi gardama a kan abin da ya shafi addini da son zuciya.

Ɗan Tek:

Wa alaikumus salam, Baba. Ni ɗalibi ne a sashen zane da sassaƙa na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke kira Tek, gidanmu Asawase. Karanta bayaninka ya sa na ji kamar in zo in gaishe ka yanzu.

Maganar koyo ba ta da wuya, gemu ba ya hana ilimi. Kada ka fara da fenti. Ka sayi takarda mai kauri da fensir, ka tsinci gawayi mai laushi a madafar Hajiya. Ka ajiye butarka kusa da taga da safe, ka zana ta. Gobe ka sake, jibi ka sake, amma kowace rana ka canza inda haske yake fitowa. Ba hannu ake koyarwa da farko ba, ido ne, kai kuma ka riga ka yi nisa tunda har ka gano launin inuwa. In ka saba sai ka koma fentin akrilik, don da ruwa ake sirka shi kuma yana bushewa da wuri. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ga warin abin da ake sirka shi da shi, ba zan ba mai hawan jini shawarar ya zauna da shi a rufaffen ɗaki ba. Launi biyar ya ishe ka: ja, shuɗi, rawaya, fari da ruwan ƙasa.

Kuma Baba, garin da ya dace kake zaune. Makarantarmu daga Achimota ta Ankara aka dawo da ita Kumasi a 1952. El Anatsui, wanda yake saƙa murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton ƙyalle, nan ya yi karatu kafin ya tafi koyarwa Nsukka a 1975. Ablade Glover, uban masu zanen kasuwa da wuƙar fenti, ya koyar a nan har zuwa 1994, kuma ina kyautata zaton mutuminka na Kalcharal Santa sawunsa yake bi. Mahama ma nan ya gama. Akwai ƙungiyar masu fasaha ta blaxTARLINES da malamanmu suka kafa a 2015, suna shirya baje koli, ba a hana kowa shiga. Matsalar ita ce da wuya ka ga dattijon zango a wurin.

Game da taimako, bari in faɗa maka abin da ke cin mu. Kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, fenti mai kyau, burushi, yawancinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ɗalibi yakan kai lokacin aikin kammalawa ba shi da kuɗin kayan aiki. In ka ga aikin yaro ya burge ka, ka ba shi rabin kuɗi tun kafin ya fara, ka cika in ya gama. Wannan ya fi masa sadaka, don ya san aikinsa ne ya ciyar da shi. Ka sa ya rubuta maka takarda da sunansa, shekara, girman zanen da irin fentin, ya sa hannu. Kuma don Allah kada a yi mana cinikin Kejetia, yaro ya ce ɗari shida a ce masa ɗari da hamsin. Yana iya sallamawa saboda yunwa, amma ranar zai fara tunanin barin sana'ar.

Mutane suna jin labarin Amoako Boafo, mai zane ɗan Ghana, wanda aka yi gwanjon zanensa a Landan a Fabrairun 2020 kan fam 675,000, sai su ɗauka dukanmu masu kuɗi ne. Ribar gwanjon nan ma aljihun wanda ya saya tun farko da araha ya sake sayarwa ta shiga. Yawancinmu neman wanda zai sayi zane ɗaya a shekara muke yi.

Malamin Allo, Sabon Zango:

Alhaji, barka da hutawa, Allah ya ƙara lafiya.

Abokan majalisarka ba daga iska suka ɗauko maganarsu ba, kada ka raina ta. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim. Amma a cikin littattafan nan dai aka ruwaito wani mutum ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci, sai ya tsoratar da shi, sannan ya ce masa in dole ne ya yi, to ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Kenan rufin kwano, bishiya, kogi, buta, gini, kusan ba a yi saɓani a kansu ba. A kan mai rai ne malamai suka rabu. A wajen Malikiyya, waɗanda yawancinmu muka tashi a kansu, abin da aka haramta shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar halitta ta mutum ko dabba. Wadda aka zana a kan takarda ko ƙyalle sun sa ta a sahun abin ƙi, ba haram ba. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Ka zauna da malamin da ka amince da shi, ka kai masa zanen ya gani da idonsa, kada a yi hukunci a kan labari.

Ni abin da ya ɗan sosa mini rai a bayaninka daban ne. Ka haye Kejetia ka je neman fasaha, alhali tana cikin zaurenmu tana mutuwa. Yaushe rabonka da ganin allon zayyana na gaske? Da, in yaro zai yi sauka, sai a kai allo wurin gwani ya zauna a kansa kwana da kwanaki. Baƙar tawada ta gawayi da ƙaro, ga ja, ga rawaya, ga kore, alƙalami na kara da ya feƙe da hannunsa. Ba ya aiki da abin awo, amma ka duba layukan su haɗu ba kuskure. Haka Alƙur'ani rubutun hannu: dubi kurin da ke raba ayoyi, dubi adon da ake yi wa alamar hizifi da ta sujada a gefen shafi, dubi aikin dukanci a jikin gafaka. Tonawa ma sun san darajar alƙalamin kakanninmu, layun da ke jikin babbar rigar yaƙin Sarkin Asante malamai ne suka rubuta. Yanzu fa? Ranar sauka sai a je wurin mai kwamfuta ya buga takarda mai ƙyalli da hoton yaro. Masu zayyanar da na sani a unguwarmu duk sun manyanta, ba wanda yake da almajiri a wannan fanni, don ba mai biya.

Direban Magazin:

Baba, da girmanka, ni dai ina ganin wannan harkar ta masu ƙoshi ce. Amma tunda aka zo maganar mutuwar sana'a, ku tuna da masu rubuta allon shago da jikin mota. Duk wata tsohuwar tirela a Suame, unguwar makanikan Kumasi da ake kira Magazin, da ka ga an rubuta mata addu'a ko karin magana a goshi, hannu ne ya yi. Kwame Akoto yana nan mahaɗar Suame, shagonsa Almighty God Art Works, daga rubutun allo ya fara, yau ana baje aikinsa a Turai. Sauran fa injin buga bana ya gama da su. Wanda ya rubuta mini bayan motata ta farko yanzu fentin gidaje yake yi.

Hajiya Mai Atamfa, Nima:

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ni ina bayan Hajiyarka, kada ka ga laifinta. Matar ɗan fansho ita ta san ranar da shinkafa take ƙarewa. Ka fara cire kuɗin magani da na cefane da na wuta, abin da ya rage shi ne na zane. Kuma in za ka sake saye, ka tafi da ita ta zaɓa. Matar da ta shekara talatin tana zaɓen atamfar biki, ta san wane ɗankwali ne zai hau wane zane, ba ɗan jami'ar da zai koya mata launi. Ku maza kuna ganin sai abin da aka sa a firam ne fasaha.

Shawarata ta kasuwa ce. Ku yi adashi. Ka nemi tsofaffi irinka biyar ko shida, kowa ya riƙa zuba abin da ba zai ji a jikinsa ba duk wata, ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, ma ya isa. Wanda kwasarsa ta zo, sharaɗi shi ne da kuɗin zai sayi aikin hannu daga wanda ya yi shi, ba daga dillali ba. Manyan gidajen baje zane sukan ɗauki kusan rabin kuɗin, su ma suna da haya da ma'aikata, ban ce sun yi zalunci ba, amma ƙaramin kuɗi irin naku gara ya tafi kai tsaye.

In ka zo Ankara ka sauka La, gidan baje zane na Artists Alliance na Ablade Glover yana bakin teku, bene ne cike da kaya, za ka wuni. Akwai wani irinsa, Nubuke, a East Legon. Gallery 1957 kuma a otel ɗin Kempinski take, kada ƙofar gilashi ta tsorata ka, ka sa babbar rigarka ka shiga, kallo kyauta ne. Amma ka biyo ta Nima tukuna. Yaranmu na Nima Muhinmanchi Art sun daɗe suna zane a bangon unguwa suna koya wa ƙananan yara, Moh Awudu kuma ɗan nan ne, har ƙasashen waje ake kiransa ya zana bango. Bikin fasahar titi na Chale Wote a James Town aka fara shi a 2011, a watan Agusta ake yi, sai dai cunkoso da kiɗan wurin ba na mai hawan jini ba ne, in za ka je ka je da hantsi.

Wani abu kuma, Kumasi akwai laima. Kada ka rataye zane a bangon da ruwa yake duka ta waje, fumfuna za ta cinye bayansa ba ka sani ba. Haka nake asarar atamfa in na jingina ta da bango da damina.

Tsohon Akawu, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Hajiya, na karanta wa Hajiyata naki da babbar murya, tun ɗazu take cewa ashe akwai masu hankali a intanet. Zanen kuma na cire shi daga bangon waje.

Allah gafarta Malam, maganarka ta shige ni, amma ban yarda cewa sai na zaɓi ɗaya ba. Ba don mutumin Kalcharal Santa ya buɗe mini ido ba, da allon saukata da ke cikin akwatin mahaifiyata ma ba zan san abin da zan duba a jikinsa ba. Jiya na fito da shi. Jan ya koɗe ya koma ruwan goro, baƙin kuwa yana nan kamar yau aka rubuta. Na ƙirga murabba'an da ke gefe, halin akawu, na ga dama da hagu daidai suke. Ga abin da na yanke: a makarantar allon layinmu akwai yaran da ake sa ran saukarsu kafin azumi. Ni zan ɗauki nauyin allon zayyana na ɗaya daga cikinsu, kuma abin da gwanin ya faɗa shi zan biya, ba tayi. Sharaɗina ɗaya, ya yarda yaro ɗaya ko biyu su zauna kusa da shi yana aikin. In ya yarda da tsoho ma, ga ni. Ka haɗa ni da wanda hannunsa bai fara rawa ba.

Direba, ka ce harkar masu ƙoshi ce. Kuɗin da muke kashewa a anko da rumfa da kujerun haya a suna ɗaya ya isa sayen zane uku. Ba ƙoshi ne ya yi mana ƙaranci ba, ba mu saba ba ne. Mutumin naka mai fentin gidaje, ka tambaye shi ko zai rubuta wa ɗiyata allon shagonta na ɗinki, da ma bana take shirin bugawa.

Adashin ne nake ganin zai yi wuya. Na gwada wa mutum biyu a majalisa bayan la'asar. Ɗaya ya ce in na allo ne yana ciki, na kanbas kuwa a kai kasuwa. Ɗayan ya tambaye ni ko zanen yana ƙara kuɗi in an ajiye, kamar fili. Na ce masa ya sayi fili.

Ɗana na Tek, na zana butar. Hajiya ta ce ta fi kama da zabuwa. Gawayin yana ta zuba yana ɓata takardar da zarar hannuna ya taɓa, yaya kuke yi da wannan?

Ɗan Tek:

Baba, ka shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashin hannunka kana zanen, kuma ka fara daga sama ta hagu ka gangaro, in da dama kake rubutu. In ka gama akwai abin fesawa da ake sayarwa don kama gawayi, in ya yi tsada ka ari feshin gashi na mata ka fesa daga nesa, sama-sama, a waje ba cikin ɗaki ba. Kada ka yar da zabuwar, ka rubuta kwanan wata a bayanta. Ranar Asabar bayan azahar zan shigo Aboabo ɗaurin auren abokina, ka ajiye mini ita da allon in gani. Akwai yarinya a ajinmu 'yar Sawaba da take aikin kammalawarta a kan zanen lalle, zan tambaye ta ko za ta biyo ni, don tun bara take neman mai zayyana da zai yarda ta zauna ta kalli aikinsa.